Waiwaye: yadda tseren motoci ya shiga tsakiyar garin Monako

Masu cewa a cire Monako daga gasar tseren motoci ta duniya, wato Formula 1, don motoci basa iya wuce juna, gaskiya ya kamata su fara sanin me yasa aka saka tseren cikin gari tun farko. A shekarun 1920 ƙungiyar masu motocin Monako ta nemi shiga babbar ƙungiya ta duniya aka ƙi, aka ce ai tseren dogon zangon naku, wato ralin Monte Carlo, a titunan ƙasashen wasu ake yinsa, ku kawo wanda ake yi a ƙasarku. To ƙasar duka duka kusan murabba'in kilomita 2 ce, ina za a samu fili? Sai wani jami'in ƙungiyar, Antony Noghès, yace a yi kan kwaltar gari kawai, Yarima Louis II ya goya masa baya, aka fara ranar 14 ga Afrilu 1929. William Grover-Williams ne ya ci da motar Bugatti, shine daga baya ya yiwa Ingila leƙen asiri a yaƙin duniya na biyu har 'yan Nazi suka kashe shi.

Hanyar fa ba wasa, ga hawa ga gangara ga rami ƙarƙashin gini, kana fitowa kuma teku a gefenka. A 1955 Alberto Ascari ya faɗa cikin ruwan da motarsa aka ciro shi da rai, kwana 4 tsakani ya rasu a wani hatsarin daban a filin tsere na Monza a Italiya. Lorenzo Bandini kuma motarsa ta kama da wuta a 1967, ƙunar ce tayi ajalinsa. Shi yasa wanda ya ci a nan ake ganin girmansa, Graham Hill sau 5, Ayrton Senna sau 6.

Matsalar yanzu motocin ne suka yi faɗi, titin kuma yana nan yadda yake, tsawonsa kilomita 3.337, ana zagaya shi sau 78. A 2024 da Charles Leclerc ya ci, ɗan garin na farko tun Louis Chiron a 1931, goman farko yadda suka tashi haka suka gama wallahi. A 2025 aka tilasta canza taya sau 2 ko za a samu sauyi, amma Lando Norris da ya tashi a gaba shi ya ci.

Ni dai ina ganin motocin ya kamata a rage wa girma, a bar Monako inda take.