Kare lafiyar masu tafiya a ƙasa a titunan wuraren shaƙatawa na kan duwatsu lokacin hunturu

Yawancin garuruwan da ake zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, musamman na tsaunukan Alps da ke Turai, asalinsu ƙauyuka ne na makiyaya da manoma, kuma titunansu an shimfiɗa su ne a jikin dutse tun kafin baƙi su fara tururuwa. Saboda haka da yawa daga cikin hanyoyin da ke haɗa masaukai da tsakiyar gari ba su da dakalin masu tafiya a ƙasa. Da rani matsalar ba ta cika fitowa fili ba, domin mutum yana iya raɓewa a ɗan filin da ke gefen kwalta. Da hunturu kuwa wannan fili shi ne inda motar share titi take ture dusar ƙanƙara, har ta taru ta zama ganuwa hagu da dama, sai mai tafiya ya wayi gari ba shi da wurin sa ƙafa sai inda tayar mota take bi. Ganuwar tana kuma tare wa direba gani a kan kwana da bakin ƙofofin gidaje, inda ƙaramin yaro zai iya ɓullowa ba a hango ko hularsa ba.

Babban abin da ke ƙara tsananta haɗarin shi ne santsi. Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshen titi har sau goma. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa tun direba bai kai ƙafa kan birki ba, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan cin birki yana ninkawa sau huɗu. A gangara abin ya fi haka muni. Mafi yaudara ita ce siririyar ƙanƙarar da ke daskarewa bayan dusar da rana ta narkar ta malalo kan kwalta: a ido titin kamar jiƙaƙƙe ne kawai, alhali ya zama kamar gilashi. Gadoji da wuraren da inuwar dutse ke rufewa su suke fara daskarewa. Gishirin da ake watsawa yana taimako, amma ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos.

Sai kuma lokaci. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Alps kafin ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin da ake tashi daga wasa, sai jama'a da motoci su cika titi tare cikin duhu. Wanda ya wuni a kan dutse ya gaji, takalmin zamiyarsa mai tauri ne wanda ba ya lanƙwasa a idon sawu, tafinsa na roba ba ya kama ƙanƙara, ga katakan zamiya a kafaɗa, ga hular kwano ta rage masa ji. Wasu kuma sun sha barasa kafin su kamo hanyar masauki.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1968 ta ba da shawarar cewa mai tafiya a kan kwalta ya bi ɓangaren da zai fuskanci motocin da ke tahowa, sai fa idan yin hakan zai jefa shi cikin haɗari. Dokokin Faransa da Jamus sun ɗora masu tafiya a gefen hagu a wajen gari, tunda motocinsu dama suke bi. Hikimar ita ce mutum ya ga motar da ta fara zamewa tun tana nesa. Togaciyar da yarjejeniyar ta yi tana da muhimmanci a kan dutse fiye da ko'ina, domin a kwana mai tsanani wanda ke ta ciki ba ya ganin direba, direba ma ba ya ganinsa, kuma sau da yawa ya fi aminci ya tsallaka zuwa ta waje tun kafin ya iso kwanar. Ana so rukuni su jeru ɗaya bayan ɗaya, yara su kasance ta gefen da ya fi nisa da motoci, na gaba da na baya su riƙe tocila. Kayan da ke mayar da hasken fitilar mota suna sa direba ya hango mutum daga nesa mai yawa. A Finlan doka ce ta buƙaci masu tafiya cikin duhu su rataya su. Ana kuma sayar da ƙananan ƙusoshi masu ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi.

Direbobi ma an ɗora musu nasu nauyin. Tun 2021 Faransa ta wajabta tayoyin hunturu ko ɗaukar sarƙar taya a yankunan duwatsu da aka ayyana, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A Ostiriya wajibcin yana aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, duk lokacin da titi ke da dusa ko ƙanƙara.

Sai dai bai kamata a jingina komai ga taka-tsantsan na baƙon da bai san hanya ba, domin tsarin garin ne ya fi yin tasiri. Suwizalan tun 2002, Faransa tun 2008, suna da unguwannin da aka taƙaita gudu zuwa kilomita 20 a awa, aka kuma ba mai tafiya a ƙasa fifiko. Wasu garuruwan suna share hanyar ƙafa ta daban, su watsa mata tsakuwa, su sa fitilu, su kuma samar da motocin bas don rage cunkoso. Akwai waɗanda suka fitar da motoci gaba ɗaya: mai zuwa garin Zermatt na Suwizalan yana barin motarsa a ƙauyen Täsch, kimanin kilomita 5 daga garin, ya ƙarasa da jirgin ƙasa, cikin gari kuwa ƙananan motocin lantarki ne ke aiki. Avoriaz ta Faransa an gina ta ne tun farko ba tare da motoci ba. Ƙauyen Serfaus na Ostiriya kuwa, wanda babban titinsa ya kasa ɗaukar motocin baƙi, ya buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1985, yana kwasar mutane daga wurin ajiye motoci a bakin gari zuwa gindin dutsen.