Waiwaye: Ƙwaron da ke lulluɓe a ɓawon itace

Idan ka kankare wani farin abu mai kama da auduga daga jikin itace, ka ga ɗan ruwa rawaya ya ɓata maka farce, to ƙwaro ka murƙushe. Dangin waɗannan ƙwari masu saƙa wa kansu mayafi mai kama da kakin zuma, masana na kiransu Eriococcidae, kuma sun daɗe suna ba masu rarraba halittu wahala.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne mai zama a ɓawon itacen bic na ƙasashen sanyi. A 1849 aka fara bayyana shi a Turai da sunan Coccus fagi, sai a 1936 wani masani mai suna Lindinger ya raɗa masa Cryptococcus fagisuga. Wasu masana ma sun ware masa gida nasa daban. A 2004 wasu masana biyu, Cook da Gullan, suka duba ƙwayoyin gado, suka nuna cewa ƙwarin da aka tara a wannan dangi ba kakansu ɗaya ba. Kamannin mayafi ne ya haɗa su.

Rayuwarsa abin mamaki ce. Macen ba ta wuce milimita ɗaya, ba fiffike, ba ƙafa. Ta soka bakinta mai kamar zare cikin ɓawo, ba za ta ƙara motsawa ba har ta mutu. Namiji kuwa babu shi sam, ita kaɗai ke zuba ƙwai ya ƙyanƙyashe, sau ɗaya a shekara. Ƴaƴan ne masu ƙafa, su ke rarrafe, su iska ke kwasa. Wajen 1890 ya isa Halifax ta Kanada a jikin itatuwan da aka kawo daga Turai. Ƙananan hujin da yake bari ne naman gwari Neonectria ke bi ya kashe itacen, kuma har yau dazuzzukan gabashin Amurka ba su huta ba.

Mu a Damagaram ba mu da bic, amma labarin bai yi mana nisa ba. A shekarun 1980 wani ɗan uwansa mai garkuwa mai tauri, Aonidiella orientalis, ya faɗa wa dogon yaro a kewayen Tafkin Cadi, ganye ya yi rawaya ya kakkaɓe. Wanda ya san yadda dogon yaro ya riƙe inuwar unguwannin Birni da Zango, ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen dashe a bakin hanya ba mai juya ganye ko duba gaɓar reshe. Ƙwaron da ba ya tafiya, mu ke ɗaukarsa a kan babur mu kai garka. Fesa magani a kan uwar da ta lulluɓe yawanci asarar kuɗi ce, don kakin na kare ta. Lokacin da ƴaƴan ke rarrafe ne ake cimma su, reshen da ya cika da su kuwa a sare a ƙone tun bai harbi na kusa ba.