Rufe Tsohuwar Hanyar FTP: Amsoshin Tambayoyin da Aka Ƙi Daina Yi

Tun da aka sanar cewa za a daina rarraba manhajojin ma'aikata ta buɗaɗɗiyar hanyar FTP (tsohon tsarin tura fayiloli tsakanin kwamfutoci), a koma shafin intanet wanda sai da sunan shiga da kalmar sirri ake sauke komai daga cikinsa, tambayoyi iri ɗaya suke ta zuwa sashenmu na kula da kwamfutoci, wasu ta waya, wasu ta saƙo, wasu kuma da ƙafa. Ga amsoshinsu a wuri guda, kuma duk wanda ya sake yin ɗaya daga cikinsu, nan za a turo shi.

Zan iya shiga da kalmar sirrin abokin aikina kafin tawa ta fito?

A'a. Idan aka gane, asusun nasa za a rufe, ku zama ku biyu a layin jira.

Me ya sami FTP ɗin, alhali shekara da shekaru yana aiki?

Babu abin da ya same shi, tsufa ya yi. Abhay Bhushan ya fara rubuta ƙa'idojinsa a jami'ar MIT ta Amurka a shekarar 1971, kuma fasalin da ake bi har yau a 1985 aka tsara shi, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar ba su da yawa, kuma ba a tunanin wani zai laɓe a tsakani. Saboda haka sunan shiga da kalmar sirri da fayil ɗin kansa duk a fili suke tafiya, wanda ya samu gurbi a kan hanya yana iya karanta su, yana ma iya musanya fayil ɗin da wani gurɓatacce. Namu ya fi haka muni, domin a buɗe muka bar shi, kowa ya shiga ba a tambayarsa ko wane ne, a cikinsa kuwa akwai manhajojin da aka sayi lasisinsu da kuɗi don adadin kwamfutoci ƙididdigagge. A watan Maris na 2017 hukumar FBI ta gargaɗi asibitoci a Amurka cewa ɓata-gari suna farautar irin waɗannan sabobi (kwamfutocin da ke ajiye fayiloli ana saukewa) marasa ƙofa.

Burauzata ta daina buɗe tsohon adireshin. Ku ne kuka toshe?

Ba mu ba ne. Chrome ta daina karɓar FTP daga siga ta 88 a farkon 2021, Firefox kuma ta cire shi a siga ta 90 a watan Yulin shekarar.

Kwamfutocin rassanmu suna ɗauko sabuntawa da kansu cikin dare ta sikirif (rubutaccen jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta). Yaya za su yi yanzu?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da shekarun na'urar da kuma yadda aka rubuta sikirif ɗin. Idan da manhajojin saukewa na wget ko curl yake aiki, da sauƙi, domin dukansu biyu suna jin HTTPS, wato hanya mai tsaro da sabon shafin yake amfani da ita. Sai dai sauya adireshi kaɗai ba zai wadatar ba. Sikirif ba ya iya cike gurbin suna da kalmar sirri yadda mutum yake yi a burauza, kuma abin da ya fi faruwa shi ne sabar ta tura shi shafin shiga, shi kuwa ya sauke wannan shafin ya ajiye shi da sunan manhajar, ya ba da rahoton cewa komai ya tafi daidai. Sai da safe a tarar da ɗan ƙaramin fayil wanda ba ya girka komai. Maganinsa shi ne a nemi mabuɗi na musamman ga kowace na'ura, wanda karatu kawai yake bari, kuma babban fayil (folda) ɗaya kawai yake buɗewa. A ajiye shi a fayil ɗin .netrc da izini 600, wato mai fayil ɗin kaɗai ke iya buɗe shi, kada a rubuta shi a layin umarni, domin a can duk mai asusu a na'urar yana iya ganinsa.

Akwai kuma sikirif ɗin da suke cewa a kwaso duk abin da ke cikin babban fayil da umarnin mget da alamar tauraro. Wannan dabara ba ta da takwara kai tsaye a HTTPS, don haka mun tanadi jerin sunayen fayiloli wanda za a fara saukewa, sannan a bi shi ɗaya bayan ɗaya. A mafi yawan lokuta gyaran ba ya wuce 'yan layuka, amma ban yi alkawari a kan sikirif ɗin da marubucinsa ya bar aiki tuntuni ba.

Tsofaffin na'urori su ne matsalar gaske. Sabuwar sabar ba ta karɓar abin da ya gaza TLS 1.2 (sigar tsarin ɓoye bayanai a hanya), shi kuwa OpenSSL, manhajar da na'urori da yawa ke yin wannan ɓoyewa da ita, bai samu wannan ba sai a siga ta 1.0.1 ta shekarar 2012, saboda haka na'urar da aka girka kafin nan kuma ba a taɓa sabunta ta ba, mai yiwuwa ba za ta haɗu ba sam. Kafin a yanke mata hukunci dai, a duba agogonta, domin idan ƙaramin batirin cikinta ya mutu, kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai ta ƙi amincewa da takardar shaidar sabar alhali lafiyarta ƙalau. Idan agogo daidai yake kuma har yanzu ta ƙi, abin da muke ba da shawara, na wucin gadi, shi ne kwamfuta ɗaya mai sabon tsari a reshen ta riƙa saukewa, sauran su karɓa daga wurinta a cikin gida. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a ƙara -k a curl ko --no-check-certificate a wget don kuskuren ya yi shiru. Wanda ya yi haka ya kashe tantancewar da dominta aka yi wannan ƙaura gaba ɗaya.

Idan sabis ya yanke a tsakiyar saukewa, daga farko zan soma?

Ku kwantar da hankalinku, daga inda ya tsaya zai ci gaba. A wget a sa -c, a curl a sa -C tare da ɗan layi a bayansa. Idan ya kammala, a gwada lambar SHA-256 ta fayil ɗin (lambar tantancewa da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa) da wadda aka rubuta a gefensa a shafin. In sun saɓa ko da harafi ɗaya ne, a goge a sake.

Ai manyan gidajen manhaja suna ba kowa ya sauke ba tare da kalmar sirri ba.

Haka ne, kuma su ma sun bar FTP: kernel.org da Debian duk a 2017 suka rufe nasu. Sun bar ƙofar HTTP a buɗe ne domin kayansu kyauta ne ga duniya. Namu ba kyauta ba ne.

Me ya sa ba a zaɓi SFTP ba?

SFTP tsari ne dabam da yake tafiya a kan SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro) ta ƙofa ta 22, kuma masu ɗora fayiloli da shi za su yi aiki. Ga masu saukewa kuwa, ƙofa ta 443, wadda HTTPS ke bi, a buɗe take a katangar tsaron kowane reshe, kuma kowa yana da burauza.

To in na sauke, zan iya zubawa a filashi in raba wa 'yan ofis?

Wannan ɗabi'a ita ce ta sa har yau ake samun kwamfutoci ɗauke da sigar da aka janye saboda ɓaraka, kuma ba mu san su ba balle mu sanar da masu su. Filashin da ya zaga shagon buga takardu ya dawo ofis, Allah kaɗai ya san abin da ya kwaso. Kowa ya sauke da sunansa.

Wato yanzu ana leƙen abin da muke yi ke nan?

Abin da ake rubutawa shi ne sunan asusu, da fayil ɗin da aka sauke, da lokaci, da adireshin na'ura. Da shi muke ƙidaya lasisi, da shi kuma muke sanin wanda za mu kira idan aka gano aibi a wata siga.

Shafin yana nuna mini 401, wani lokaci 403.

401 yana nufin ba a gane ku ba, a sake duba suna da kalmar sirri. 403 yana nufin an gane ku amma ba ku da izini a kan wannan fayil, kuma shugaban sashenku ne zai nema muku a rubuce, ba mu ba.