Keratin da samuwar fata a tayin kwaɗo da talibambam

Keratin furotin ne mai siffar zare da ake samu cikin ƙwayoyin sel na efiteliyom, wato shimfiɗar sel ɗin da ke rufe jiki ta waje, da wadda ke lulluɓe hanji da sauran hanyoyin jiki ta ciki. Galibin mutane sun san shi ne a gashi da farce da ƙaho da kofato, inda ya riga ya bushe ya taurara, amma a kwaɗo aikinshi na farawa tun ƙwai na cikin uwa, kuma kafin kwaɗo ya zama kwaɗo sai ya bi ta keratin iri uku, na ƙwai da na talibambam da na babba. Mafi yawan abin da aka sani an samo shi ne daga kwaɗon ruwa mai farce na kudancin Afirka, Xenopus laevis.

Yadda zaren yake

Kaurin zaren keratin wajen nanomita 10 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ta fuskar ginin zaren, keratin gida biyu ne, na I da na II, kuma ɗaya ba ya yin zare shi kaɗai, dole sai na I ya naɗu da na II. Zaren na ratsa sel daga wannan gefe zuwa wancan ya je ya kama wasu maɗaurai da ake kira desmosom, waɗanda ke liƙe sel da maƙwabcinshi, to da haka shimfiɗar baki ɗaya take zama abu guda, kamar rodin da magina ke ratsawa cikin kankare. Ɗan adam na da ƙwayoyin gado 54 na keratin. Lambobin da ake kiransu da su, K5, K8, K14, K18 da sauransu, daga jerin da Roland Moll da Werner Franke da abokan aikinsu suka fitar a Jamus a 1982 suka samo asali.

Tarihin binciken

Abin ya daɗe. Wajen 1866 wani likita Bajamushe, Karl Eberth, wanda daga baya ya yi suna wajen gano ƙwayar cutar taifod, ya ga wasu dunƙulallun zaruruwa cikin sel ɗin fatar talibambam ya zana su, har yau da sunanshi ake kiransu, sai bayan zuwan madubin ilektron aka tabbatar tarin zaren keratin ne. A 1912 Friedrich Gudernatsch a birnin Prag ya ciyar da talibambam da yankakken tayrod na doki (tayrod ita ce ƴar tsokar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo), sai ga su sun rikiɗe da wuri sun zama ƴan mitsi-mitsin kwaɗi tun lokaci bai yi ba. Ƴan shekaru bayan haka Bennet Allen a Amurka ya cire musu tayrod ɗin, sai suka yi ta girma suna talibambam ba su rikiɗa ba.

Shi kuwa Xenopus ta hanyar asibiti ya shiga ɗakunan bincike. Wajen 1930 Lancelot Hogben da wasu masana a Afirka ta Kudu suka lura cewa in aka yi wa macen allurar fitsarin mace mai ciki za ta zuba ƙwai cikin kwana ɗaya, sai aka riƙa amfani da ita wajen awon ciki har zuwa shekarun 1960, aka bazu da ita duniya. Masu nazarin tayi suka ga ai wannan garaɓasa ce, ƙwai ɗaruruwa a kowane wata na shekara, ba sai an jira damina ba. A 1956 Pieter Nieuwkoop da Job Faber a Holan suka raba girmanshi zuwa mataki 66, tun daga ƙwai har ɓacewar wutsiya, kuma har gobe da wannan lissafi ake aiki. A 1962 John Gurdon a Ingila ya ɗauko cibiyar sel daga efiteliyom na hanjin talibambam ya saka cikin ƙwan da aka kashe wa tashi cibiyar, ƙwan ya girma ya zama talibambam mai iyo, wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 2012.

A cikin ƙwai da farkon tayi

Ƙwan Xenopus ya ɗan haura milimita 1, samanshi duhu ƙasanshi fari-fari. Tun yana cikin uwa akwai ragar keratin dab da ɓawonshi, irin keratin ɗin da ke daidai da K8 da K18 na mutum, kuma ragar ta fi tsari a ɓangaren ƙasa mai gwaiduwa. Michael Klymkowsky a Amurka ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa ragar na warwarewa lokacin da ƙwai ke nuna, ta sake haɗuwa bayan maniyyi ya shige shi.

Na dogon lokaci wasu na ganin keratin cikon wuri ne kawai, ba wani aiki yake ba a tayi. Gwaje-gwajen 1992 ne suka kawar da wannan zato, kuma a gaskiya su ne gwanin ban sha'awa a wannan fanni. Janet Heasman da Chris Wylie da abokan aikinsu sun lalata saƙon keratin da uwa ta ajiye cikin ƙwai, wato umarnin da sel ke bi ya ƙera keratin, sannan suka bar shi ya girma. Rabuwar sel ta tafi, amma saman tayin ya rasa ƙarfinshi, in aka ji mishi rauni ba ya haɗewa, da aka zo lokacin gastirula kuma, wato wajen awa 10 bayan haɗuwa lokacin da shimfiɗun sel ke naɗewa ciki don su kafa hanji da baya, sai tafiyar ta lalace. A wannan shekarar Klymkowsky ya sami kusan irin wannan sakamako ta wata hanya daban. A 2012 rukunin Douglas DeSimone ya ƙara nuna cewa in aka ja sel ta gefe ɗaya, keratin na taruwa a gefen da aka ja, sel ɗin kuma ya miƙa ƙafa ta ɗaya gefen, ke nan har alƙiblar tafiyar sel da hannun keratin a ciki.

Fata ko ƙwaƙwalwa

Bayan rabuwa 12, sel sun kai wajen 4,000, tayi ke fara karanta ƙwayoyin gadonshi da kanshi. Cikin waɗanda ke kunnuwa da wuri akwai keratin ɗin fata XK81, wanda ɗakin binciken Igor Dawid ya bayyana a 1985. Shimfiɗar waje ta tayi na da makoma biyu, ko ta zama fata ko ta zama ƙwaƙwalwa da laka. Inda sinadarin BMP4 ya yi yawa keratin ɗin fata na kunnuwa, a gadon baya kuwa inda wasu furotin biyu, Noggin da Chordin, ke toshe BMP ɗin sai keratin ɗin ya daina kunnuwa wurin ya zama jijiya. Shi ya sa masu bincike suka mai da wannan keratin alama, in an rina tayi sai a ga jiki duka ya ɗau launi ban da wani fili mai faɗi a baya, nan ne ƙwaƙwalwa za ta fito.

Fatar tayi hawa biyu ce tak. A samanta akwai sel masu fitar da majina, da masu daidaita gishiri, da masu gashi-gashi da ke kaɗa ruwa daga kai zuwa wutsiya, su waɗannan na ƙarshe a hawan ƙasa ake yinsu sannan su kutsa su fito sama. Ana nazarin waɗannan sel masu gashi-gashi don fahimtar hanyar numfashin mutum.

Talibambam da rikiɗa

A Maradi ba sai an je nesa ba, bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi kududdufai da bakin Gulbin Maradi da tabkin Madarunfa duk cika suke yi, za ka ga ƙwan kwaɗon tudu a jere cikin dogon zare mai yauƙi, ƴan kwanaki kaɗan sai baƙaƙen talibambam. Wanda ya juya ɗaya ya duba bakin da gilashin ƙara girma zai ga baƙin baki mai tauri sama da ƙasa, da layuka na ƙananan haƙora kewaye da shi. Ba ƙashi ba ne, sel ne da suka cika da keratin suka mutu, suna goge gansakuka da su, wanda ya cinye ya faɗi wani ya taso daga ƙarƙashinshi. Ɗaliban ilmin halittu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƴan lise na iya ganin wannan da kayan aiki mafi sauƙi. Talibambam ɗin Xenopus ba shi da waɗannan haƙora, tace ruwa yake yi.

Sauran fatar talibambam ba ta taurara, sel ɗinta duk rayayyu ne. Da homon na tayrod, wato sinadarin da take zubawa cikin jini, ya hau, sel ɗin sama na yarinta sai su mutu, na can ƙasa su hayayyafa su gina fata mai hawa da yawa, da glandoji, da sabon keratin na manya, a Xenopus an fi sanin mai nauyin kilodalton 63 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne). Katsutoshi Yoshizato a Hiroshima ta Japan ya yi shekaru a kan wannan sauyi. Fatar wutsiya ba ta yin wannan canji, narkewa take tare da wutsiyar, bakin keratin ɗin ma zubewa yake.

Akwai saɓani kan wutsiyar. A 2009 rukunin Yumi Izutsu ya ce wasu furotin dangin keratin, Ouro, ke sa garkuwar jiki ta ƙi wutsiya. A 2016 rukunin Yoshio Yaoita ya kashe waɗannan ƙwayoyin gado a Xenopus tropicalis na dazukan Afirka ta Yamma, wutsiya ta ɓace yadda ta saba.

Babban kwaɗo da cuta

Busasshen hawan saman fatar babban kwaɗo sel ɗaya ne ko biyu kaurinshi, don ta fata yake shan ruwa kuma da ita yake wani ɓangare na numfashi. Yakan saɓule ta lokaci-lokaci, ya jawo da ƙafa zuwa baki ya haɗiye. Xenopus na da baƙaƙen farata na keratin a yatsu uku na kowace ƙafar baya.

Funfunar Batrachochytrium dendrobatidis, wadda aka raɗa wa suna a 1999 kuma ta halaka kwaɗi masu yawa a Ostireliya da tsakiyar nahiyar Amurka, a naman da ke da taurarren keratin take zama. A talibambam baki kawai take kamawa, ya ɗashe haƙoran su lalace amma galibi yana rayuwa, sai bayan rikiɗa da keratin ya game fata take bazuwa jiki duka ta hana daidaita gishiri har zuciya ta tsaya.