Yaushe injiniya zai yarda da abin da kwamfuta ta kwaikwaya?

Ɗaliban da ke zuwa wurinmu koyon aiki a nan Kaduna sukan yi mini waɗannan tambayoyi.

Mene ne kwaikwayon kwamfuta a aikin injiniya?

Kafin a zuba kankare ko a yanka ƙarfe, sai a gina abin da lissafi a cikin kwamfuta, gada ce ko magudana ko layin wuta. A ɗora masa nauyi, a tura masa ruwa, a ga inda zai fara gazawa. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, a kwamfuta aka zana shi baki ɗaya.

Yallaɓai, idan kwamfuta ta ce abu zai tsaya, ba shi ke nan ba?

A'a, ɗana. A watan Agustan 1991, gindin kankare na dandalin haƙo mai da gas na Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku a gaɓar ƙasar Norway ana cikin gwada shi. Bincike ya nuna lissafin kwamfuta ya ƙiyasta ƙarfin matsin da ke kan wasu bangaye ƙasa da yadda yake da kusan kashi 47 cikin 100, sai aka yi su ba kauri. Kwamfutar ba ta lalace ba. Yadda aka yanyanka ginin gida-gida domin lissafi ne bai dace ba a wata kusurwa.

To ta yaya za a gane kwaikwayo mai amfani?

A gwada shi da abin da ya riga ya faru. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi, domin shi aka fi tsallakewa. A ce an kawo maka kwaikwayon ambaliyar Kogin Kaduna, shuɗi da ja suna ta malala a allo, abin gwanin sha'awa. Ka zuba masa ruwan wata damina da aka yi ambaliya, ka ga inda zai ce ruwa ya tsaya. Sannan ka ɗauki tef ka nufi Kigo Road, ka yi sallama a gidajen da ke gangare. Za a nuna maka layin laka a bango, wani wurin daidai gwiwa, wani wurin har taga. Ka auna. In kwamfuta ta ce gwiwa, bango ya ce taga, maganar bango za ka ɗauka.

Na taɓa leƙa wani kwalbati da takarda ta nuna a buɗe yake tas. Rabinsa yashi ne da ledar fiya wata da tsohuwar katifa. Kwaikwayon bai san da katifar ba, kuma ba zai sani ba sai wani ya duƙa ya leƙa.

Me ya sa manyan ayyuka suka fi wuya?

Saboda sassansu na taɓa juna, kuma akwai mutane a ciki. Gadar ƙafa ta Millennium a Landan an buɗe ta a Yunin 2000, aka rufe ta bayan kwana biyu. Da ta ɗan girgiza gefe da gefe, sai masu tafiya suka riƙa daidaita takunsu da girgizar, girgizar ta ƙaru. Ba a sake buɗe ta ba sai 2002. Haka nan wanda zai kwaikwayi cunkoson Kawo da manhajar da ta ɗauka kowa na bin layinsa, bai lissafa mai keke da zai tsaya cak a tsakiyar hanya don ya hango fasinja ba.

Kwaikwayon da ya taɓa yin daidai, zai ci gaba da yin daidai?

Iyakar inda aka gwada shi kawai. A 2003, wani abu ya bugi fiffiken kumbon Amurka mai suna Columbia yayin tashi zuwa sararin samaniya; manhajar da aka auna ɓarnar da ita an gwada ta ne da ƙananan gutsattsari, alhali abin da ya bugi fiffiken ya ninka su sau ɗaruruwa. Kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa, mutum bakwai suka rasu.

Ke nan a ina ya fi amfani?

Wajen kwatanta zaɓi. Ko da bai faɗi tsayin ruwa daidai ba, yakan nuna maka cewa faɗaɗa wannan kwalbati ya fi ɗaga waccan hanya rage ɓarna. Kuma ina so ku saba da wani abu: ku ƙara ruwan sama da kashi goma, ku toshe rabin magudanar, ku sake kunna shi. In amsar ta juye gaba ɗaya, kada ku sa hannu a takardar tukuna, ku koma bakin kogi da tef.