Matsalar iskar gas a Turai

Matsalar iskar gas a Turai ita ce ƙarancin makamashi da tsadarsa da suka addabi ƙasashen Tarayyar Turai tun daga ƙarshen 2021, suka kuma ta'azzara bayan Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022. Kafin yaƙin, fiye da kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. A Jamus kuwa ya haura rabi.

Dogaron ya samo asali tun 1970, lokacin da Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet: ita ta ba da manyan bututan ƙarfe, a biya ta da gas. 'Yan siyasar Jamus sun ɗauka ciniki zai hana gaba. A kan wannan tunani aka shimfiɗa bututun Nord Stream 1 a ƙarƙashin tekun Baltik, aka buɗe shi a 2011, yana iya ɗaukar kubik mita biliyan 55 a shekara. Foland da ƙasashen Baltik sun sha jan kunne cewa mai riƙe da bakin famfo shi ke da iko, aka yi musu kunnen uwar shegu. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne yadda aka ci gaba da aikin Nord Stream 2 bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014.

A Afrilun 2022 kamfanin gas na Rasha, Gazprom, ya yanke wa Foland da Bulgeriya gas saboda sun ƙi biya da kuɗin Rasha. Daga Yuni ya dinga rage abin da ke bi ta Nord Stream 1, har ya tsaya cak a ƙarshen Agusta, sannan ranar 26 ga Satumba wasu abubuwa suka fashe suka lalata bututan kusa da tsibirin Bornholm na ƙasar Denmark. A cikin Agustan nan farashi a kasuwar gas ta Holan ya zarce Yuro 300 kan kowane megawat na sa'a guda, alhali a shekarun baya wajen Yuro 20 ake sayensa. Wutar lantarki ma ta bi sahu, domin a tsarin kasuwar Turai tashar da ta fi tsada cikin waɗanda aka kunna ita ke yanke farashin kowa, kuma galibi mai amfani da gas ce. Hauhawar farashi a ƙasashe masu amfani da Yuro ta kai kashi 10.6 a Oktoba.

Jama'a sun ji a jikinsu. A Jamus an hana ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19, ma'aikata na zaune da rigunan sanyi a kan teburinsu. A Faris an riƙa kashe fitilun hasumiyar Eiffel kafin sha biyun dare. Masana'antu masu cin wuta sun fi shan wuya: kamfanin sinadarai na Jamus, BASF, ya rufe ɗaya daga cikin sassansa na haɗa sinadarin taki a Ludwigshafen a 2023.

Tarayyar ta fito da shirin REPowerEU na rage dogaro da makamashin Rasha a Mayun 2022, ta wajabta cika rumbunan ajiyar gas kafin hunturu, ta nemi a rage amfani da shi da kashi 15. Jamus, wadda aka sani da jan ƙafa wajen manyan gine-gine, ta kammala tashar sauke gas ɗin jirgin ruwa a Wilhelmshaven cikin watanni, ta buɗe ta a Disamba. Norwe ta zama kan gaba ta bututu, Amurka kuma ta jirgi. An tsallake hunturun, da taimakon sanyin da bai yi tsanani ba, amma wasu ne suka biya: Turawa sun fi ƙarfin aljihu, jiragen da za su nufi Pakistan da Bangladesh suka karkata, can aka yi ta zama cikin duhu.

Ta fuskar sauyin yanayi, an sake kunna wasu tashoshin kwal na ɗan lokaci, sai dai a 2022 iska da hasken rana suka fi gas samar da lantarki a Tarayyar a karon farko. Nan ma akwai wani sabon dogaro, domin kusan duk faifan sola daga Sin ake sayo su. Rahoton da tsohon shugaban Babban Bankin Turai, Mario Draghi, ya fitar a Satumban 2024 ya nuna kamfanonin Turai na biyan ninki biyu zuwa uku na kuɗin lantarkin da takwarorinsu na Amurka ke biya.

Neman madadin ya kai Turawa Afirka. Najeriya ta daɗe tana tura gas daga Bonny zuwa Sifaniya da Fotugal da Faransa, kuma a Yulin 2022 ita da Nijar da Aljeriya suka sa hannu kan takardar fahimta game da bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon kilomita kusan 4,000. Gas ɗin Rasha ya daina bi ta Yukren ranar 1 ga Janairu, 2025, sai dai Hangari da Sulobakiya sun ci gaba da karɓarsa ta bututun TurkStream.