Rumfar jirgin ruwa

Rumfar jirgin ruwa rufi ne na tamfol ko yadi mai kauri da ake ɗorawa a wurin zaman matuƙi da fasinjoji, don kare su daga rana, ruwan sama da feshin ruwa. Wata saman kawai take rufewa. Wata kuwa a kewaye take ruf, gaba da baya da gefe biyu, da tagogin leda mai kauri da ake gani ta cikinta.

Jirgin da iska ke turawa shi ya fi wuyar yi wa cikakkiyar rumfa, domin igiyoyinsa sun riga ta kama wuri. Jigon jirgin, wato doguwar sandar da ke ɗauke da zanen kama iska, wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi. Ɗaya daga cikinsu takan taso daga ƙoli ta sauka a bayan jirgi, ta bi daidai inda rufin zai zauna. Ba a kwance ta, don ita ke hana jigon rinjaya gaba. Sai a tsaga yadin daga baki har wurinta, a sa zif, a ɗinka mata ɗan wuya na fata ko yadi a tsuke, kada ruwa ya biyo ta ya ɗiga a kan matuƙi. Akwai kuma sandar kwance da ke ƙasan zanen, mai lilo dama da hagu. Dole rufin ya yi ƙasa da ita, in ba haka ba ta goge shi har ya huje. Igiyoyin jan zane su ma ana bar musu kafa a labulen gefe, a ƙarfafa bakin kafar da fata, a kuma tabbatar hannun naɗe igiya zai kewaya bai bugi komai ba.

Shi ya sa gwani ba ya yanka yadi da awon tef kaɗai. Yakan fara kafa firam, galibi na bututun ƙarfe marar tsatsa mai kaurin milimita 25, ya manna leda a kai, ya zana wurin kowace waya da igiya, sannan ya yanka. A Turai da Amurka an fi amfani da yadin Sunbrella, wanda kamfanin Glen Raven ya fitar a 1961.

A Tafkin Chadi da kogunan Shari da Logon, da tafkin Lagdo da ya samu bayan kammala madatsar Binuwai a 1982 kudu da Garwa a Kamaru, manyan kwale-kwalen katako da inji suke tafiya, ko da sanda inda ruwa ya yi ƙasa. Babu wayar jigo, amma matsalar ba ta sake zani ba. Jirgin da ke ɗaukar fasinja da buhunan masara da kwalayen banda tsakanin garuruwan Blangoua da Darak a Kamaru, ko tsakanin Bol ta ƙasar Chadi da tsibiran tafkin, mai walda ne ke lanƙwasa masa rodi, tela ya ɗinka tamfol. Akan bar gaba a buɗe saboda mai sanda, a bar baya saboda mai riƙe inji, labulen gefe kuma a yi shi na naɗewa don lodi. Masu ƙaramin ƙarfi da gora da tabarma suke yi, kuma a zafin bazara tabarmar ta fi tamfol sanyi nesa ba kusa ba.

Rumfa tana da nata haɗarin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas da guguwar farkon damina sukan cika ta su karkata jirgi, don haka matuƙa ke naɗe labule da zarar hadari ya haɗo. Hayaƙin inji yakan taru a rumfar da aka rufe ruf, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. In jirgi ya kife, labulen da aka ɗaure tamau yana hana mutane fita, saboda haka ake yi masa ɗaurin zarge, wanda ja ɗaya ke kwancewa.